Ina Sharar Gidanka Ta Ke Zuwa?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa mana ƙasa, Ya ba mu amanarta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan shara ne. Na san wani zai ce, me ya haɗa shara da filin addini, ai wannan aikin dubagari ne da ma'aikatan lafiya. To, a yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali, domin al'amarin ya shafi alwalarmu da sallarmu da naman da mu ke ci, ya kuma shafi haƙƙin maƙwabci wanda ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Ku dubi halinmu ranar Juma'a. Mutum zai yi wanka, ya sa farar riga wadda ta sha bugu, ya shafa turare. In ɗigon fitsari ya taɓa wandonsa ba zai yi salla da shi ba sai ya wanke, wannan kuwa shi ne daidai. Amma shi ɗin ne da sassafe ya ba yaro kwandon shara ya ce maza a juye a kwata kafin gari ya waye. Sa'an nan ya fito zai tafi masallaci, ya tattare riga, ya tsallake kwatar yana toshe hanci yana zargin hukuma. Watau tsabtarmu ta tsaya a bakin zaure. Abin da ya ke cikin gida namu ne, abin da ya fita waje ba na kowa ba ne. Wannan fahimta ita ce mu ke so mu auna a ma'aunin shari'a.

ABIN DA ADDINI YA KOYAR

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, bayanin rassan imani, inda aka sa kalmar shahada a can sama, aka sa gusar da abin cutarwa daga kan hanya a matsayin reshe na ƙarshe. Mu lura da kyau: ƙaramin reshe ne, amma dai reshen imani ne. To, idan ɗauke ƙaya daga hanya imani ne, me za a ce da wanda ya ke ɗaukowa daga gidansa ya zuba?

Har ila yau a cikin Muslim an yi gargaɗi game da abubuwa biyu masu jawo wa mutum tsinuwar jama'a, su ne biyan bukata a kan hanyar mutane da kuma a inuwar da su ke hutawa. Ruwayar Abu Dawuda daga Mu'azu ta ƙara da mashayar ruwa. An kuma hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. Duk wanda ya dubi waɗannan zai ga abubuwa uku ne a ke karewa: hanya, da wurin zaman jama'a, da ruwa. Su ne kuwa wurare ukun da sharar garuruwanmu ta fi taruwa a yau.

Akwai kuma labarin wata baƙar mace wadda ta kan share masallacin Madina. Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar dai an ga al'amarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya daina ganinta ya tambaya, aka gaya masa, sai ya nemi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan. Darajar mai shara ke nan a wurin fiyayyen halitta. Mu kuwa sai mu riƙa kallon masu kwashe mana shara a wulaƙance, alhali ƙazantarmu ce su ke ɗauka.

Malaman fiƙihu ba su bar zancen a wa'azi kawai ba. Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya yi wani abu a kan hanyar Musulmi wanda ba shi da ikon yinsa, kamar haƙa rijiya ko ɗaure dabba, har wani ya cutu, to, lamunin wannan ɓarna yana wuyansa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, da ya zo lissafa abubuwan ƙi da a ke yi a kan tituna a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya ambaci zubar da shara a hanya, da jefar da ɓawon kankana inda mutum zai zame, da mahauci mai yanka a bakin titi yana ɓata shi da jini. Mai Risala kuma, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya sa juji da mahauta a cikin wuraren da aka hana yin salla. Ashe duk inda muka mai da juji mun rage wa kanmu wurin sujada.

JUJIN DA DA JUJIN YAU

Wani zai ce ai tun kaka da kakanni akwai juji a bayan gida, bai kuwa hallaka kowa ba. Ba za a ce jujin da ba shi da cuta ba, amma dai ba ɗaya su ke da na yau ba. Mu ɗauki birnin Kano misali.

Sharar mutanen da ita ce toka, da kashin awaki da na jakai, da ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka naɗe abinci, da fasasshiyar ƙwarya, da tsohuwar tabarmar kaba. Dukansu daga ƙasa suka fito, ƙasa kuma su ke komawa. Da rani manoman karkara su kan shigo birni da jakai ɗauke da itace da kara, in za su koma su cika mangala da takin juji su kai gona. Wannan ciniki ya ci gaba sosai har shekarun 1960, kuma yana cikin dalilan da suka sa gonakin kewayen Kano su ke ɗaukar noma kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Birni yana ci daga karkara, karkara tana ci daga jujin birni. Babu abin da ya ke tafiya a banza.

Sai leda ta shigo. Ta kori ganye da faifai da kwando daga kasuwa. A shekarun 1990 ruwan leda ya bazu, daga baya robar lemo da mazubin abinci na soso da ƙunzugun jarirai na kanti suka biyo. Waɗannan kaya daga man fetur a ke yinsu, ƙasa ba ta cinsu. Su kan yi shekaru barkatai ba su ruɓe ba, ƙarshensu su ragargaje su zama ƙananan ɓarɓashi masu shiga ƙasa da ruwa da cikin kifi. Ga kuma tsofaffin batura da fasassun kwalabe da allurai da matattun wayoyi. Kayan sun sake, mutane sun ninka, amma hannunmu bai sake ba: yadda kakanmu ya jefar da ganyen ƙosai haka mu ke jefar da ledar ƙosai.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A shekarar 2018 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa garuruwan duniya suna fitar da shara kimanin tan biliyan 2 kowace shekara, aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba a sarrafa shi ta hanyar da ba ta cutarwa, kuma in aka ci gaba a haka za ta kai tan biliyan 3.4 a shekarar 2050. A cikin Suratur Rum, aya ta 41, Allah Ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga aikin hannun mutane, Ya kuma nuna cewa ɗanɗana musu sakamakon hanya ce ta su komo. Bari mu ga yadda mu ke ɗanɗana namu.

HANYOYIN DA TA KE DAWO MANA

Hanya ta farko ita ce ruwa. Duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi ya san cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da najasa ba ya halatta ga ibada, ba ya halatta ga al'ada. Juji kuwa in ruwan sama ya dake shi ya kan fitar da wani baƙin ruwa mai ɗoyi wanda ke nutsewa cikin ƙasa, ya sami rijiyoyin da ke kusa. Ledar bayan gida da a ke jefawa a kwata ita ma ruwa ne ke ɗaukarta, ta haka ƙwayar cutar amai da gudawa da ta taifot su ke isa randunan mutane. Ku dubi rafin Jakara, wanda ya ratsa tsakiyar Kano ta gefen kasuwar Kurmi. Dagwalon gidaje da na mahauta suna zuba a cikinsa, a gaba kuma ya haɗu da ruwan masana'antun Bompai, sa'an nan ya wuce ta wurin masu lambu har madatsar ruwa ta Wasai. Masu bincike sun sha samun ƙarafa masu guba, kamar kuromiyam da a ke jima da shi, a cikin wannan ruwa. Da shi a ke ban ruwan waɗansu kayan lambun da ke dawowa kasuwa. Abin da muka kora ta rariya ya shigo ta ƙofar gida a cikin kwandon cefane.

Da damina kuma ga ambaliya. Tsofaffin kududdufan birni, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan sama. An cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai. Magudanan ruwa kuma leda ta toshe su. Ruwa ba ya rasa hanya: in an hana shi tasa sai ya bi ta ɗakin wani. Sau da yawa ba gidan mai zubar da sharar ba ne ke faɗuwa, gidan ƙasa ne na talakan da ke gangare. A Akra, babban birnin Ghana, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai, mutane kimanin 150 suka rasu, toshewar magudanan ruwa da shara na cikin abubuwan da suka tsananta ambaliyar.

Hanya ta biyu ita ce iska. Da yawanmu in shara ta taru sai mu cinna mata wuta da magariba, muna ganin mun yi tsabta. Hayaƙin leda da roba da taya yana ɗauke da guba mai cutar huhu, ya fi kuma tsananta ga jarirai da tsofaffi da masu asma. Ba ya tsayawa a gidanka, ta kan katanga ya ke bi ya shiga ɗakin maƙwabcinka. A waɗansu mahautu ma da tsofaffin tayoyi a ke babbakar kai da ƙafa da fata, watau gubar ta hau kan abin da za a ci. Manyan jujuna kuma, saboda ruɓar abinci a ƙarƙashinsu, suna fitar da wata iskar gas mai kama wuta, shi ya sa a kan ga juji yana ci da kansa kwana da kwanaki, kuma wannan iska tana cikin masu ƙara ɗumamar duniya.

Hanya ta uku ita ce dabbobi da ƙwari. Ku tambayi mahauta abin da su ke tararwa a tumbin shanu da awakin da ke kiwo a bola. Leda ce dunƙule guda. Dabba tana ci tana ramewa, domin cikinta ya cika da abin da ba ya narkewa, har ta mutu. Wannan asarar dukiya ce, kuma azabtar da dabba ce. A mazhabarmu ta Malikiyya fitsari da kashin dabbar da a ke ci masu tsarki ne, sai fa in tana cin najasa. Mai sakin akuyarsa a juji sa'an nan ta dawo ta kwana kusa da inda a ke salla, ya binciki wannan mas'ala. Ban da haka, tsohuwar taya da gwangwanin da ruwa ya kwanta a ciki gidan sauro ne. Juji kuma gidan ɓera ne, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno.

Hanya ta huɗu ita ce ƙasa. Manomin da ya sayi takin juji yau sai ya zauna tsince leda da kwalba kafin ya watsa. Batirin mota da a ke fasawa a cikin unguwa kuwa dalma ce a cikinsa. Wanda ya ke so ya san abin da dalma ke yi wa yara ya tuna shekarar 2010 a Jihar Zamfara, inda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da a ke niƙawa a cikin gidaje ta yi ajalin yara kimanin 400.

Wannan ɗabi'a ta kai wa wani ƙazantarka ba ta tsaya ga ɗaiɗaikun mutane ba. A 1988 aka gano dubban gangunan dagwalo mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel. Nijeriya ta tilasta aka kwashe, ta kafa dokar hana shigo da irinsa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara. A 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako don hana shigo da irin wannan dagwalo nahiyar. Dukanmu mun ji haushin abin da aka yi mana a Koko. To, wanda ya juye sharar gidansa a bayan katangar maƙwabcinsa da dare, aikin nan ne ya yi, girma ne kawai ya bambanta.

MAFITA

Mataki na farko shi ne rage sharar tun daga tushe. A Suratul A'arafi, aya ta 31, an halatta ci da sha an hana wuce iyaka, a Suratul Isra'i kuma an kwatanta masu almubazzaranci da 'yan'uwan shaiɗanu. Manzon Allah da mudu guda na ruwa ya ke alwala, ya kuma koyar da cewa in loma ta faɗi a ɗauka a goge a ci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a duniya. Mu dubi abin da a ke juyewa bayan walima da suna da buɗa baki, alhali ga almajiri a ƙofa. A dafa daidai ciki, a rabar da saura tun bai lalace ba. Mai zuwa cefane ya tafi da kwando ko jakar yadi. Mai sayen koko ko fura ya tafi da kwanonsa kamar yadda iyayenmu suka yi.

Na biyu, kada a yar da abin da zai yi sauran amfani. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari cewa Manzon Allah ya kan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. Wata rana kuma ya ga mushen tunkiyar da aka ba wata baiwar Nana Maimuna sadaka, sai ya nuna cewa da an ɗauki fatar an jeme an amfana da ita, cin naman ne aka haramta. Ko a jikin mushe an nemi abin da zai yi amfani. Misali na zamaninmu shi ne naman hadaya a Mina. A da mai yawa daga cikinsa ya kan lalace a binne, har aka kafa shiri a 1983, aka danƙa shi ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, a ke yankawa a daskarar da naman a raba wa mabukata a ƙasashe da dama. Mu ma muna da gadon wannan hikima: guga da takalmi daga tsohuwar taya, fitilar aci-balbal daga gwangwani, tukunya daga narkakkun gwangwanayen lemo. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola sana'a su ke yi mai amfanar gari. A mutunta su, su kuma su ji tsoron Allah su bar kayan da ba a yar ba.

Na uku, a rarrabe shara a gida. Abin da ke ruɓewa, kamar ɓawo da sauran abinci da toka da kashin dabbobi, a tara shi a rami guda a riƙa rufewa da ƙasa, cikin 'yan watanni ya zama taki. Roba da ƙarfe da kwalba a buhu dabam, a sayar ko a ba masu saye. Batir da allura da ragowar magani kada a bar su inda yara ke wasa, kada a ƙona su. Ranar layya a haƙa rami a binne jini da ƙazantar tumbi, kada a kora su kwata. Takardun da ke ɗauke da ayoyi da sunayen Allah kuwa, har da wannan shafi da ke hannunka, kada su shiga bola ko a naɗe ƙosai da su.

Na huɗu, haƙƙin shugabanni. Ba za a ce wa talaka kada ya zuba a kwata ba alhali babu inda zai zuba. Wajibi ne a kan hukuma ta tanadi wurin tara shara a kowace unguwa, ta riƙa kwashewa a kan lokaci, ta kai ta nesa da rijiyoyi da gidaje, ta tilasta wa masana'antu tace dagwalonsu kafin su sake shi. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2014, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na soso a 2024. Amma doka ba ta aiki sai an bi ta da tsaro an kuma sama wa mutane madadi. Mun ga sharar ƙarshen wata da gwamnatin soja ta tilasta a tsakiyar shekarun 1980: abin da aka yi don tsoron bulala, in mai bulala ya kau sai a koma gidan jiya. Wanda ya ke yi don Allah kuwa ba ya bukatar mai tsaro.

Na biyar, malamai da limamai da masu unguwanni. A fara da harabar masallaci da makarantar allo da filin Idi. Abin kunya ne a tashi daga wa'azi ko Maulidi a bar wurin fari fat da ledar ruwa. A ajiye mazubi a bakin kowane masallaci, a gyara magudanar wurin alwala, a sa wannan magana a huɗuba kafin faɗuwar damina, a koya wa yara ita tare da babin tsarki.

Ya ɗan'uwa, yau in an ɗauki kwandon shara za a fita da shi daga gidanka, ka tambayi yaron ina zai kai. In ya ce kwata, ko bayan gidan wane, ka ce ya ajiye.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da gidajenmu da garuruwanmu, Ya yafe mana haƙƙoƙin bayinSa da muka ɗauka da sani ko da rashin sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.